Tasalla Ta Bi Inna Wata

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani ƙauye an yi wata yarinya, Tasalla, uwarta ta rasu tana ƙarama. Kun san halin manya, ba sa iya gaya wa yaro mutuwa, sai su ce an yi tafiya. Da ta dami ubanta Mati da tambaya, sai ya nuna sama don ya huta.

"Innarki tana wurin wata."

Shi ya faɗa ya manta. Ita kuwa ta riƙe.

Ranar da aka kama wata, gari ya fito ana kaɗa ƙwarya da gwangwani don a sake shi. Tasalla ta ga ya yi ja, hankalinta ya tashi. Ta ce, "Wayyo, Inna tana ciki!" Sai ta sulale.

Ta sami shamuwa. "Kai ni wata."

"Me za ki ba ni?"

"Zanen Inna."

Shamuwa ta karɓa, ta kai ta kan gajimare, ta ce iyakarta ke nan.

Sai ta roƙi gajimare. Ya ce, "Ba ni hawayenki in yi ruwa." Ta ba shi duka. Ya miƙa ta ga iska.

Iska ta ce, "Ni hanyar komawa nake karɓa."

"Ɗauki, Inna ta san hanya."

Sai ga ta a wata. Kaico, yara! Ba gida, ba rijiya, ba ko tsinken ciyawa. Toka ce da duwatsu, da ramuka kamar tsohuwar maƙera. Hasken nan da muke gaɗa a cikinsa, can ba shi da daɗi ko kaɗan.

Ta kira, "Inna!" Shiru. Ta leƙa ramuka ɗaya bayan ɗaya. Ba ko sawun mutum. Kuka ya zo mata, ba hawaye. Ta hango duniya ƙarama kamar ƙwan zabo, ta kasa gane inda ƙauyensu yake.

Sai ta share wani dutse ta zauna. Ta ce, "Baba ba ya ƙarya. Ta je ɗiban ruwa ne. Bari in jira."

Har yau tana jira.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. In yaro ya tambaye ku inda mamaci ya tafi, ku daure ku gaya masa gaskiya, ya yi kukansa a gida.