Ba Su Sauko Ba Tukuna

Akwai wani mutum a Jidda mai suna Kassimu, ɗan Damagaram, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tsani. Ya yi aiki ne a wani ƙaramin kamfani a unguwar Bani Malik, mallakar wani dattijo, Abdulmohsen. Da wayoyin talabijin suka fara. Da intanet ya shigo gari, sai suka koma kawo ƙananan akwatunan da ke shigar da shi gidaje ta wayar bango, suna bi bene-bene suna ɗaurawa.

Kamfanin yana da wata al'ada. Saboda zafi, ma'aikata kan fita bayan asuba su dawo da hantsi. Sai a shimfiɗa leda a ƙasa, a kawo tire guda na ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis. Abdulmohsen yakan zauna cikinsu, amma ba ya sa hannu sai na ƙarshe ya dawo.

"Wanda ke kan tsani ya fi na kan kujera jin yunwa," in ji shi.

Daga baya wayar faiba mai saurin intanet ta zo, aka daina neman akwatunansu. Kamfani ya rufe, aka cire allon sunansa. Yau katifu ake sayarwa a wurin. Kassimu ya koma sayar da yadi a kasuwar Bab Makka.

Bara ya ji labarin tsohon maigidansa ba lafiya, ciwon mantuwa ya kama shi. Ya sa farar jallabiya ya tafi unguwar Safa gaishe shi. 'Yar maigidan, Nuf, ce ta buɗe ƙofa.

"Amm Kassim, Baba ya daina cin abinci," ta ce. "Likita ya ce in makon nan ya ƙare a haka, sai a kwantar da shi a sa masa roba ta hanci. Shi kuwa tun yana cikin hayyacinsa ya roƙe ni kada in bar shi a asibiti."

"Me yake cewa in an kawo masa?"

"Ya ture, ya ce ba su sauko ba tukuna. Na zaci maƙwabtanmu na sama yake nufi. Har na gayyato su, ya kore su."

Kassimu ya shiga ɗakin ya yi sallama. Tsohon ya rame, har zobensa na yawo a yatsa. Ya dubi jallabiyar ya ce, "Wane ne wannan? In talla ce, ba ma so."

Da ya koma gida, Kassimu ya tono tsohuwar shuɗiyar rigar aikinsa daga ƙasan akwati. Matarsa Rakia ta tsaya tana kallon kokawarsa da maɓallai.

"Baban Safia, kai da rigar nan wa za a tausaya wa? Maɓallan nan addu'a suke yi."

Washegari bai buɗe shago ba. Da hantsi ya isa Safa da ful mai zafi, da naɗin waya a kafaɗa. Daga bakin ƙofa ya ɗaga murya, ya kira tsohon yadda suke kiransa a da, Ammi, wato baffa.

"Ammi, mun gama Bani Malik!"

Tsohon ya ɗago kai. Idonsa ya tsaya a kan wayar, sannan ya sauko kan tumbi.

"Kassimu! Da wannan cikin kake hawa tsanina?"

Nuf ta yi maza ta shimfiɗa leda, suka sauko da shi ƙasa. Ya miƙa hannu wajen tiren, sai ya tsaya.

"Ina Yahya?"

Yahya abokin aikin Kassimu ne, haifaffen Jidda, wanda a zamaninsu kullum shi ke dawowa a ƙarshe. Yanzu tasi yake ja. Kassimu ya fita baranda ya kira shi ya faɗa masa komai.

"Wallahi ina da fasinja, ya shekh."

"Sauke shi."

"A tsakiyar titi? Halas, shi ke nan, in na kai shi ina zuwa."

Suka zauna jira. Ful ya huce, mai ya kwanta a samansa. Nuf ta roƙi mahaifinta ya ɗanɗana ko loma ɗaya, bai ko dube ta ba. Ƙofa yake kallo.

Da Yahya ya iso, Kassimu ya tare shi a waje ya rataya masa naɗin wayar. Yahya ya shiga yana haki.

"Kullum kai ne na ƙarshe," in ji tsohon.

"Cunkoso ne, ya Ammi."

"Shekara nawa kana cikin cunkoson nan? Zauna."

Ya yagi tamis ya ba Yahya. Ya yagi wani ya ba Kassimu. Na uku ya dangwala a ful, ya yi bismillah, ya kai baki. Nuf ta juya fuskarta wajen taga.

Ya ci har ya nemi shayi. Da suka tashi tafiya, ya riƙe hannun rigar Kassimu.

"Gobe kada ku makara."

Washegari da hantsi shagon yadi yana rufe, tasi kuma tana fake a ƙofar gidan.

Darasi: Kamfani yana rufewa, kaya su tsufa, a sauke allon suna, amma wanda ka jira ya ci ba ya mantawa da kai. Ka girmama masu yi maka wahala tun kana da ƙarfi. Ku tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, da duk wanda ya daɗe bai leƙa tsohon maigidansa ba.