Kafar Dangar Gangaren Tsamiya

An ce wani sarki ne Allah ya buɗa wa mulki, birninsa ya yi ta faɗaɗa har ganuwa ta haɗiye wani ƙauye da ake kira Gangaren Tsamiya. Sarkin nan mutum ne mai tsoron zalunci. Don haka da ya karɓi gonakin mutanen ƙauyen, sai ya rushe bukkokinsu na kara, ya gina musu gidajen ƙasa masu dogayen katangu, duka girma ɗaya. Ya sa aka raba su da ƙuri'a tsakaninsu da baƙin birni, don kada wani ya ce an fifita wani.

Amma shekara ba ta zagayo ba sai mutanen ƙauyen suka fara ɗaure kaya suna ficewa, gida bayan gida. Abin ya tsaya wa sarki a rai, domin yana so su zauna, su zama shaidar adalcinsa. Da ya ji cewa dattijonsu, Malam Jatau, shi ma ya ɗaura wa jakinsa mangala, sai ya aika a zo da shi.

Sarki ya ce, "Malam, me na karɓa daga gare ku wanda ban mayar ba?"

Tsoho ya ce, "Ya sarki, duk abin da igiya ke iya aunawa ka mayar, har da ƙari. Abu ɗaya ya rage, shi kuwa ba a ɗaukarsa, ba a sayar da shi, kuma ɓarawo bai taɓa waiwayarsa ba."

"Mene ne shi?"

"Kafa ce, ranka ya daɗe. 'Yar huda a gindin danga, daidai shigar akushi."

Waziri ya kece da dariya, ya ce, "Baba, an ba ka soro kana kukan rami? Allah ya ja zamanin sarki, a haƙa masa goma ya ƙara da su!"

Sarki ya ɗaga hannu, waziri ya yi shiru. Malam Jatau ya ce, "A ƙauyenmu kowane gida yana da irin wannan kafa tsakaninsa da maƙwabcinsa na gabas. Idan mace ta ga hayaƙi bai tashi a gidan ba, sai ta tura akushin tuwo ta nan, ta koma aikinta. Ba sallama, ba godiya. Mai bayarwa bai ga fuskar mai karɓa ba, don haka in sun haɗu a rijiya ba wanda ke sunkuyar da kai. Da wannan muka ƙetare yunwa ba tare da ɗayanmu ya koyi roƙo ba."

Ya ɗan numfasa, sannan ya ce, "Akwai wani tsoho cikinmu, Gajere maƙeri, wanda idanunsa suka mutu. Ƙuri'a ta ba shi gida mai kyau tsakanin wani falke da wani dogari, mutanen kirki, waɗanda da ya roƙe su da sun ba shi. Shi kuwa bai iya roƙo ba. Muka same shi a zaune ya jingina da katangar yamma, rai ya yi halinsa, akushinsa wankakke a gefensa. A ranar muka kai shi makwancinsa."

 Sarki ya ce, "Zan sa magina su huda kowace katanga. Ka sauke kayanka."

Tsoho ya ce, "Ya sarki, magini zai huda katanga kafin azahar. Wa zai sa a bayanta? Wadda ta san hayaƙin Gajere tana can ƙofar arewa, 'yarta ta bi mijinta wani gari, sauran ban san inda suka nufa ba. Ni ma neman su zan tafi."

Sarki ya so ya hana shi, amma ya rasa abin da zai ba shi. Ya taso da kansa ya raka shi har bakin fada, ya tsaya yana kallon jakin har ya ɓace cikin cunkoson kasuwa.

Da ya dawo ya ce wa waziri, "Na auna musu kome, ban tambaye su kome ba. Wanda ya yi wa mutane adalci bai san su ba, ya zalunce su da hannu mai tsabta."