Wuyan Tunau Da Takardar Malam

Jama'ata, barkanku. Yau ni ne mai wa'azin, wanda bai so ba ya kai ƙara. Ku matso in ba ku labari.

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, wani bawan Allah ana ce masa Tunau. Ba gona gare shi ba, dakon dami yake daga gonar maigari zuwa rumbu. Shekara talatin gero na hawa kansa.

Wata kaka malamin gona ya zo ƙidaya. Ya zaga da biro, dami nawa nan, dami nawa can, ya haɗa, ya ce bana ta fi bara, abinci zai kai har wata kakar. Maigari ya ji daɗi, ya ce to a buɗe rumbun ajiyar gari a sayar da tsohon hatsi, me za a yi da shi?

Ku saurara fa. Tunau na gefe da gammonsa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, damin bana ba nauyi. A da biyu nake ɗauka in yi nishi, yanzu huɗu nake ɗauka ina waƙa."

Aka yi dariya. Wani ya ce ƙarfi ne ya zo masa da tsufa. Malamin ya ce, "Baba, mu da takarda muke aiki."

"Takardar ta taɓa ɗaukar dami, Malam? A sussuka ɗaya mu gani."

Maigari ya ji an kunyata shi gaban baƙo, ya ce daga yau kada ya ƙara ganin Tunau a gonarsa. Tunau ya ce ya ji, amma dai a sussuka.

Malamin, Allah ya saka masa, ya sa aka sussuka. Damin da ya saba ba da kwano shida, biyu ya bayar. Ruwa ya ɗauke da wuri, zangarniya ta yi tsawo, ido bai cika ba. Malamin ya soke lissafinsa, aka bar rumbu a rufe. Da damina ta yi tsakiya, wannan tsohon hatsin ne garin ya ci. Tunau kuwa ba a mayar da shi aiki ba, ba wanda ma ya ce masa sannu.

Darasin ke nan: lissafi na da amfani, amma sai an tambayi wanda kayan ke kansa. Kuma gaskiyar da ka sani, faɗe ta, ko za ta ci maka aiki.

To kai da ke gyaɗa kai, da kai ne da gammon nan, za ka yi magana, ko za ka ɗauki huɗunka ka ci gaba da waƙa?