Ɗan Talata Biyu, Na'ura Ta Ce Ɗaya Ne

Akwai wani matashi a nan Gure mai suna Fadilu. Ya yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Yamai, ya dawo gida wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki. Shi ya tsara abin da ke cikin tabilet ɗin da aka raba wa ƙananan likitoci, wato ɗakunan shan magani, don rubuta rigakafin yara. In lokacin allurar yaro ya yi, na'ura ta kira salular uwar da murya ta ce ta kawo shi.

Wallahi abin ya yi kyau, ba a ƙwace masa. Kowa a gari "Fadilu mai na'ura" yake cewa, shi kuma yana jin daɗin sunan ƙwarai.

A ɗaya daga cikin likitocin akwai Raihana, wadda ke zaune bakin ƙofa tana shigar da sunaye. Ita birebe kawai gare ta, takardar gama ƙaramar sakandare. Amma tana da wani kaye shuɗi, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk abin da ya ba mata wuya a gaban tabilet sai ta rubuta shi.

Wata rana shugabarsu, Madam Nasira, ta zo daga Damagaram. Fadilu ya goge takalmi, ya shirya bayani mai tsawo. Madam ta saurare shi kaɗan, sai ta jawo kujera ta zauna kusa da Raihana, tun hantsi har azahar, tana kallon yadda mata ke amsa tambayoyi.

"Wannan kayen fa?" in ji Madam.

"Ba komai ba ne, Madam. Matsala ce ta 'yan fari. Na'ura tana son sunan yanka da sunan uba. To mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta faɗin na mijinta. Sai ta sunkuyar da kai ta ce Ɗan Talata, ko Mai Gari. In laƙabi ya zo ɗaya, unguwa ɗaya, wata ɗaya, na'ura sai ta ce yaro ɗaya ne."

Madam ta juyo ta dubi Fadilu. "Ka ji abin da ba a koyarwa a Yamai. Karɓi kayen nan ka karanta, ka gyara. Yarinyar nan tana da ido."

A gaban mutane ta faɗa. Fadilu ya yi murmushin yaƙe. Shekara uku yana karatu, yau mai birebe ce ke da ido?

Ya karɓi kayen, ya je biro, wato ofishinsu, ya jefa shi cikin tiruwar, aljihun tebur, ya kulle. Ya rubuta wa Madam cewa ya duba, ƙananan abubuwa ne, matan ne ke buƙatar wayar da kai.

Duk sanda ya biyo likitar, Raihana sai ta tashi. "Malam Fadilu, ka duba shafi na ƙarshe? Akwai abin da ya shafe ka."

"A'a, injiniya ta yi magana!" in ji shi, yana dariya. "Ke dai danna inda aka ce ki danna."

Ita mace ce mai kawaici, sai ta koma ta zauna.

To shi kansa Fadilu yana da ɗan fari. An sa wa yaron sunan mahaifinsa, Usmanu, saboda haka a gidan ba mai kiran sunan. Ran Talata aka haife shi, Ɗan Talata ake ce masa.

Da yaron ya kai wata tara, matarsa Biba ta ɗauko mayafi. "Malam, zan kai shi allurar ƙyanda. Raihana ta ce ko an kira ni ko ba a kira ni ba, in zo."

Jin sunan kawai ya ɓata masa rai.

"Raihana ce ta yi na'urar ko ni? Har cikin gidana ma Raihana? Ki zauna. In lokaci ya yi salularki za ta yi ƙara."

"To ai wata taran ya cika."

"Na ce ki zauna."

Biba ta ajiye mayafi. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, salula shiru.

Sai ƙyanda ta shigo unguwarsu. Wata safiya Ɗan Talata ya tashi jiki zafi rau, ido ja, yana tari. Kwana uku, ƙuraje suka feso bayan kunne. Suka ruga da shi likita, ita Biba tana kuka.

Majo, babban ma'aikacin jinya mai duba yara, ya ce, "An yi masa ta wata tara?"

"Ba a kira mu ba," in ji Biba.

Fadilu ya fita wurin Raihana. Benci cike da mata, har da gwaggonsa Mairamu da ta biyo su.

"Duba mini yaron nan a na'ura."

"Me sunansa?" in ji Raihana. Ba da wata manufa ba, tambayar da ke kan gilashin ce ta karanta masa.

Fadilu ya buɗe baki. Ya dubi gwaggonsa. Sunan ubansa ne, kuma ɗan fari ne, ga mata sun zuba masa ido.

"Ke ma ai kin san shi," ya ce a hankali.

Wata tsohuwa a kan benci ta ƙyalƙyale. "Kai! Mai na'ura ma bai iya faɗa ba? Mu da kullum ake cewa ba mu waye ba!"

Gwaggo Mairamu ta ce, "Ku bar shi, ɗan mutunci ne. Usmanu sunan yaron, 'yata."

Raihana ta rubuta Usmanu, babu. Ta rubuta Ɗan Talata, ya fito, da alamar an yi masa allurar ƙyanda tun wata biyu baya.

"Ƙarya ne! Ba a yi masa ba!" in ji Fadilu.

"Na Yabawa aka yi wa, maƙwabciyarku ta bayan rijiya. Nata ma Ɗan Talata ne, wata ɗaya aka haife su. Na'ura ta haɗa su. Shi ne na shafi na ƙarshe, Malam Fadilu."

Fadilu ya juya ya fita. Ya hau moto ya tafi biro, ya buɗe tiruwar. Kayen yana nan yadda ya jefa shi, har ƙura ta hau. A shafi na ƙarshe, da ƙananan rubutu, an sa: "Yaron Biba matar Malam Fadilu da yaron Yabawa, an haɗa. A raba kafin wata tara." A sama da shi akwai yara goma sha shida irin haka, wasu daga Gidigir, wasu daga Gamu, kowanne da sunan uwarsa da unguwarsu.

Ya zauna a ƙasa yana riƙe da kayen. Daga nan ya kira Madam Nasira ya gaya mata komai, har rahoton ƙaryar da ya rubuta.

Madam ta ce, "Maganarka za mu yi ta daga baya. Yanzu ka ɗauki Raihana da majo ku nemo yaran nan."

Kwana huɗu suna bin gida gida. Goma sha huɗu an same su lafiya, aka yi musu allura. Biyu sun riga sun kamu, aka kawo su likita. Ɗan Talata ya yi kwana tara a gado. Allah ya tashe shi, amma ya rame har sai da ya daina rarrafe na wani lokaci. Biba kuwa ta yi wata guda ba ta yi wa mijinta dariya ba.

An cire Fadilu daga shugabancin aikin, aka bar masa gyara. Yanzu na'ura sunan uwa take fara tambaya, da unguwa, da laƙabin yaro. Sunan yanka kuwa ma'aikaciya ce ke tambayar 'yar rakiya, ko ita ma'aikaciyar ta faɗa da bakinta, uwar ta ɗaga kai kawai.

Duk ran rigakafi za ku gan shi a ƙarshen benci, yana kallon mata yana rubutu a wani sabon kaye. Tsohuwar nan in ta zo sai ta ce, "Mai na'ura, me sunan ɗanka?"

Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, tambayi Raihana."

Darasi: Hassada ba ta tsayawa kan wanda kake jin haushi, tana biyo ka har ɗakinka. In ka yi abu don mutane, ka zauna kusa da su ka ga yadda suke, kuma ka saurari mai zama da su kullum ko da karatunka ya fi nasa. Don Allah ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai wani kaye a kulle cikin tiruwar da bai buɗe ba har yau.