Bushiya da Jarrabawar Shamuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikalle!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To kai Ɗanliti, cire yatsa daga hanci tukuna.

Wata shekara yunwa ta shigo dawa, abincin da ya rage rumbu ɗaya ne tak. Zaki ya rasa wanda zai damƙa wa rabonsa. Ana nan sai ga Shamuwa ta dawo daga yawonta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, bana har ƙasar Sin na kai. Suna da wani tsohon malami da ya rasu tun kaka da kakanni, amma har yau maganarsa ke riƙe da gidajensu. Ya koya musu cewa gyaran gari daga gida yake farawa: ɗa ya girmama iyaye, babba ya ji tausayin ƙarami, sarki ya gyara kansa kafin ya tsawata wa talaka. Kuma a can sai an jarraba mutum ake ba shi muƙami."

Zaki ya ce, "Madalla! Ke za ki jarraba."

Gizo ya yi tsalle ya fito. Bushiya ma ta fito. Ita sarauta ba ta dame ta ba. Tsohuwa gare ta makauniya, ta kuma san in rumbu ya faɗa hannun Gizo, uwar nan ba za ta ga kaka ba.

Ranar farko Shamuwa ta ce, "Mene ne haƙƙin iyaye?" Gizo ya gyara murya, ya zuba zance har Kura ta share hawaye. Bushiya ta dunƙule don kunya, da ƙyar ta ce, "A ciyar da su." Aka bushe da dariya. Aka ba kowa ƙwaryar fura, Gizo ya shanye tasa, Bushiya ta tafi da tata gida.

Rana ta biyu haka. Gizo ya yi ta zuba, Bushiya ta ce, "A yi musu magana a hankali." Aka sake dariya. Ta koma gida da fura, zuciyarta ta karaya. Uwar ta shafa ƙayarta, ta ce, "Koma, 'yar nan. Baki ba ya ɗaukar kaya."

Rana ta uku Shamuwa ta ce, "Yau babu tambaya. Kowa ya kawo uwarsa ya ba ta fura."

Gizo kuwa, uban 'yan dabara, ya goyo tasa, ga ta duk ta rame kamar tsinken tsintsiya. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa ƙwarya hannu bibbiyu, ya ce, "Inna, bishimilla."

Tsohuwa ta waiga dama, ta waiga hagu, ta waiga baya. Ta ce, "Ɗan nan, wa zan miƙa wa?"

"Ke fa, Inna! Taki ce!"

"Ni? Yau kuma me ya faru?"

Ita kuwa uwar Bushiya, da jin motsin ludayi sai ta miƙa hannu, ba wanda ya ce mata komai. Ta kurɓa, ta ce, "Yau ba ki dama da kauri kamar kullum ba."

Zaki ya miƙe tsaye, ya ce, "Bushiya, rumbu naki ne!" Kai, ku ga Bushiya ranar! Ƙaya ta miƙe zar, kai a sama, ba dunƙulewa. Mudu na farko da ta auna kuwa, uwar Gizo ta kai wa. A shekarar ko tsoho ɗaya bai mutu da yunwa ba.

To kun ji. Wanda bai riƙe uwarsa ba, kada ku ba shi riƙon gari, ko da bakinsa zuma yake ɗiga.

Ƙurungus kan kusu! Wanda ya sha fura gobe bai miƙo mini ba, ɗan Gizo ne.