Mutumin da Ya Kulle Karatun Malama Yelwa

A cikin garin Gusau an yi wani mutum da Allah ya buɗe wa fahimtar kwamfuta. Ba za a ambaci sunansa ba, domin yana raye kuma yana da iyali. Gwani ne a kan wata manhaja mai suna Linux, wadda ke tafiyar da kwamfutocin ofis da kuma manyan kwamfutocin nan da ake kira saba, masu ajiye bayanai suna raba wa sauran.

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan tun daga farko. Manhajar nan kyauta ce. Mutane daga ƙasashe daban-daban ne suka haɗu suka rubuta ta, suka bar ta a buɗe ga duk mai son koyo. A kyauta mutumin nan ya same ta, a kyauta kuma ya koye ta. Idan abu ya shige masa duhu sai ya yi tambaya a dandalin masu amfani da ita na intanet, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba su bar aikinsu su amsa masa. Ba a taɓa ce masa wannan sirri ne ba.

Akwai wata makarantar matan aure mai cibiya a Gusau da rassa a Tsafe da Bungudu. Wadda ta kafa ta, Malama Yelwa, ta ƙarar da rayuwarta tana karantar da mata tsarki da salla da hukuncin biƙi da rabon gado, cikin Hausar da tsohuwar ƙauye za ta gane har ta yi tambaya ba ta ji kunya ba. An ɗauki karatunta a kaset shekara da shekaru. Bayan rasuwarta, 'yarta Hajiya Shafa'atu, wadda ta ci gaba da riƙon makarantar, ta ga kaset ɗin sun fara lalacewa. Sai aka ɗauki mutumin nan aiki domin ya ceto karatun.

Gaskiya ita ce ya yi aikin da kyau. Ya juye kaset ɗin duka, ya tace muryar, ya tara karatun a kan faifan ajiya guda a cikin sabar da ke Gusau. Mata su taru a Tsafe ko a Bungudu, malamarsu ta kunna kwamfuta, sai ga muryar Malama Yelwa kamar tana zaune a cikinsu. Kaset ɗin kuwa aka zuba su a sito. Rufin ya yi yoyo da damina, gara ta ƙarasa sauran. Ba wanda ya damu, tunda ya ce komai yana cikin saba.

Daga nan ne Shaiɗan ya samu ƙofa. Mutumin ya lura ana bukatarsa, ya ji daɗin haka, ya ƙudura a ransa cewa ba za a taɓa daina bukatarsa ba.

A manhajar nan akwai asusu guda mai cikakken iko, wanda ke iya gyara komai ya kuma iya rusa komai. Tsarinta ya ba da damar a raba wa amintattu ikon gwargwadon aikinsu. Shi sai ya riƙe shi shi kaɗai. Ya hana a sauke karatun a wayoyin ɗalibai, wai kada a yi wasa da shi. Sannan ya kulle faifan karatun da kalmar sirrin da ba wanda ya sani sai shi. Kulle faifai ba laifi ba ne, ana yin sa domin ɓarayi. Amma shi ba ɓarawo yake gudu ba. Masu abin yake kulle wa abinsu.

Ku dubi abin da hakan ya haifar. Duk ranar da wuta ta ɗauke har batir ya ƙare, sabar ta mutu. In wuta ta dawo ta tashi, amma faifan karatun ba zai buɗe ba sai ya zo da kansa ya shigar da kalmar. Mata sun taso daga Rawayya da Kekun Waje sun zo Bungudu, wasu sun taso daga Bilbis sun zo Tsafe. Sun bar surfe, sun bar girki, sun roƙi maƙwabta su duba musu awaki. Ga su zaune a kan tabarmi suna kallon kwamfutar da ba ta magana. A buga masa waya, ya ce, "Gani nan zuwa." Sai ya gama shan shayinsa, ya gama hirarsa, ya hau babur ya iso yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya kawo ruwa garin da ake ƙishi. Wace irin daraja ce wannan, wadda ba ta samuwa sai an zaunar da iyayen mutane suna jira?

A cikin malaman cibiyar akwai Malama Husna, wadda ta ɗan karanci kwamfuta. Wata rana ta same shi a ofis.

Ta ce, "Malam, ka nuna mini yadda ake buɗe ta mana, ko don ranar da ka yi tafiya."

Ya yi dariya ya ce, "Malama Husna, wannan baƙin allon ba wayar hannu ba ce da ake shafawa da yatsa. Ki taɓa abu ɗaya ki rusa mini aikin shekaru."

"To kwafin karatun fa, yana ina?"

"Akwai kwafi. Ke dai je ki ajinki."

Akwai kwafin kuwa, amma a ina? A kan wannan faifan dai da ya kulle. Ya san kwafin da ke zaune wuri ɗaya da asalinsa ba kwafi ba ne, domin abin da ya ci wannan zai ci wancan. Ya sani sarai. Amma faifai na biyu yana nufin wani abu zai fita daga hannunsa ya shiga hannun wani.

Akwai kuma wani abu da ya sani ya yi watsi da shi. Faifan da aka kulle yana da ɗan gurbi a farkonsa inda ainihin makullin yake. Kalmar sirri wannan gurbin kawai take buɗewa. In gurbin ya shafe, ko kalmar tana bakinka, duk abin da ke cikin faifan ya zama tarkacen da ba ya karantuwa. Shi ya sa masu koyar da aikin suke nanata cewa a kwafi gurbin a ajiye a wani wuri dabam. Bai yi ba. Yana ganin irin wannan taka-tsantsan na 'yan koyo ne.

Malama Husna ba ta gaji ba, ta kai maganar gaban Hajiya Shafa'atu. Hajiya ta sa aka sayo sabon faifai, ta ce a juye karatun a kai a ajiye a reshen Tsafe. Mutumin ya ji haushi, ya ce ashe ba a yarda da shi ba. Sai ya shirya dabara a ransa. Zai kulle sabon faifan shi ma da kalmarsa kafin ya juye komai, ta yadda ko an kai shi Tsafe ba zai amfani kowa ba sai da shi.

Ranar aikin, bayan azahar, Malama Husna ta jawo kujera kusa da shi domin ta kalla. Ya ce, "Ki ba ni wuri, Malama, ba na aiki ana leƙena." Ta fita. Ya kashe sabar, ya haɗa sabon faifan, ya kunna.

A nan sai an yi ɗan bayani. Manhajar nan tana ba faifai suna ne bisa jerin da ta ci karo da su yayin tashi, na farko, na biyu, na uku. Faifan karatun kullum shi ne na biyu, don haka ya ɗauka sabon zai zama na uku. Amma kafar da ya soke sabon a jikin sabar tana gaban ta tsohon. Sabon ya zama na biyu, faifan karatun ya koma na uku. Akwai umarni gajere da ke nuna wane faifai ne wane, wanda ake koya wa kowa ya buga kafin ya taɓa faifai. Bai buga ba. Me zai duba, shi da ya haddace?

Ya ba da umarnin a yi wa faifai na uku sabon kulli. Na'urar ta tsaya ta gargaɗe shi cewa faifan nan akwai kulli a kansa tun da. Ya 'yan uwa, sabon faifai da aka ciro daga kwali yaushe aka kulle shi? Da akwai mutum na biyu a gefensa, da ya ce masa dakata. Amma ya kori na biyun. Na'urar ta sake gargaɗinsa cewa abin da zai yi ba ya dawowa, in ya tabbata ya rubuta amincewarsa da manyan baƙaƙe. Ya rubuta bai karanta ba, yana tsaki. Har ƙarfe da waya sun yi masa wa'azi, bai saurara ba.

Cikin ƙiftawar ido sabon makulli ya hau kan tsohon ya shafe shi. Da ya je buɗe faifan karatun domin ya fara juyewa, sai ya tarar faifai na biyu, wanda yake tsammanin shi ne na karatun, fanko ne. Ya koma ɗayan, ya shigar da kalmarsa, ya buɗe, babu komai a ciki da za a iya karantawa.

Bai faɗi gaskiya nan take ba. Ya ce matsalar sadarwa ce, ya ce ana gyara. Mata suka ci gaba da zuwa suna komawa. Shi kuwa ya ruga dandalin nan da ya daɗe bai leƙa ba, inda bai taɓa amsa wa kowa tambaya ba. Mutanen suka sake barin aikinsu suka saurare shi. Suka tambaye shi ko ya ajiye kwafin gurbin makullin, ya ce a'a. Suka tambaye shi ko akwai kwafin karatun a wani faifan, ya ce a'a. Suka ba shi haƙuri, suka ce babu wanda zai iya dawo da shi.

Da hanya ta ƙare masa, ya shiga ofishin Hajiya Shafa'atu ya fara zuba bayani da kalmomin aiki. Ta ɗaga masa hannu.

"Malam, hwaɗa mini da Hausa. Muryar Inna tana nan ko ba ta nan?"

"Ba ta nan, Hajiya."

"Kwafin da ka ce akwai fa?"

"Yana cikin faifan da ya tafi."

Ta yi salati, sannan ta ce, "Da gobara ta ci shi, da na haƙura tun yau. Amma mun roƙe ka, Malam. Yarinyar ga Husna ta roƙe ka ba sau ɗaya ba. Aje makullin ofis ka tahi."

Labari ya zagaya Gusau. Sauran wuraren da yake kula musu da kwamfutoci suka kira wasu masana suka duba, aka tarar ko'ina haka ya yi, komai a kulle, komai a kansa. Ɗaya bayan ɗaya suka karɓe aikinsu. Mutumin da ake tarba da Injiniya, yanzu a gefen shagon wani yake zama yana manna wa wayoyi gilashi, kuma ko a nan ba mai barin masa wayarsa ya juya baya.

Amma ba wannan ne ya fi yi masa ciwo ba. Mahaifiyarsa tana Bungudu, tsohuwa ce da ganinta ya yi rauni, kuma tana cikin masu zuwa sauraron karatun. Matan sun ji nauyin gaya mata. Da ya je gaishe ta, ta tarbe shi da murna.

"Yawwa, ga mai gyara ya zo. An ce na'urarku ta lalace. Yaushe za ka tada muna ita? Mun tsaya tsakiyar rabon gado."

Ya durƙusa ya gaya mata.

Ta ce, "Kai ka yi?"

"Ni na yi, Inna."

"Ni da nike ta hwaɗa ma mata ɗana ne ke riƙe da Malama." Ta laluba ta ɗauki carbinta, ta juya masa gefe. Ya zauna har la'asar tana jan carbinta, sannan ya tashi ya tafi.

Makarantar ba ta rufe ba. Hukunce-hukuncen suna nan a wurin malamai, ana ci gaba da karantarwa. Amma yadda Malama Yelwa ke warware mas'ala, da misalanta, da dariyarta in an yi mata tambayar da aka daɗe ana ɓoyewa, waɗannan sun tafi. Tsofaffin ɗalibanta kan zauna suna tuno abin da ta ce, wannan ta ce haka ne, waccan ta ce ba haka ba ne, kuma babu inda za a koma a ji.

Ya 'yan uwa, kuskure kowa yana yi. Ba danna umarni a kan faifan da ba shi ba ne ya halaka mutumin nan, domin gwanaye da yawa sun yi haka suka dawo da komai daga kwafi kafin a ankara. Abin da ya halaka shi ɓoye ilimi ne da girman kai da cin amana. Ya karɓi ilimi a buɗe ya mayar da shi a rufe. An ba shi ajiya, ya mayar da ita igiyar ɗaure masu ita.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, abin da ke da ban takaici ke nan. Ofis nawa ne a garuruwan nan aiki ke tsayawa cak saboda mutum ɗaya ya tafi ɗaurin aure da kalmar sirri a kansa? Kai da kake riƙe da sabar asibiti ko ta makaranta, in aka wayi gari babu kai, wa zai buɗe ta? Kana tsammanin ba za a tambaye ka a kan mutanen da ka zaunar suna jira ba? Koya wa na kusa da kai. Bar shi ya zauna a gefenka yana kallo, ko da tambayoyinsa sun ishe ka. Ku kuma shugabanni, in an ce muku akwai kwafi kada ku ce madalla ku wuce. Ku ce a nuna muku shi a wani faifan dabam, a wani gini dabam, a kunna ku ji da kunnenku.

Allah ya kiyaye mu daga ilimin da ke kumbura mai shi bai amfani kowa ba. Allah ya sa mu mayar da amana ga masu ita tun muna da iko. Allah ya jiƙan Malama Yelwa, ya shiryi wannan bawa nasa, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa a kansa. Amin.