Ranar da Fugen Ya Yaye Tabarmi

Akwai wani maƙwabcinmu mai suna Dou Fugen. Shekara shida suka yi shi da matarsa Qiulan suna aikin ɗinki a wani kamfani a birni, 'yarsu Xiaohe tana ƙauye wurin kakarta. Sau ɗaya suke ganinta a shekara.

Bara suka dawo. Duk abin da suka tara suka zuba a rumfar leda ta noma lokacin sanyi, suka shuka kokwamba. In ta kai kasuwa kafin bikin sabuwar shekara, lokacin da take tsada, sun zauna gida ke nan da 'yarsu. In ba ta kai ba, sai komawa birni.

Fugen ba rago ba ne. Matsalarsa ɗaya, ba a gaya masa magana.

Saura mako biyu biki, gari ya rufe. Kwana tara babu rana, sai dusar ƙanƙara. Tabarmin ciyawar da muke rufe leda da su saboda sanyi, da ƙyar ake ɗaga su na ɗan lokaci. Shuka ta koɗe a cikin duhu.

Safiya ta goma rana ta fito tas. Fugen ya haye saman rumfarsa, ya shiga naɗe tabarmi da sauri.

Goggo Luan, tsohuwar da rumfarta ke jikin tasa, ta ƙwala masa kira.

"Kai Fugen! Ka ɗaga ɗaya, ka bar ɗaya. In ka ga ganye ya sunkuya, maza ka mayar da tabarma."

"Haba Goggo! Kwana tara muna roƙon rana, ta zo kuma in rufe mata ƙofa?"

"Saiwar ba ta farka ba, ɗan nan. Ganye zai nemi ruwa, ita ba ta da ƙarfin ba shi."

"Ke dai bar taki ta sha barci. Tsufa ya sa kowa kike so ya kwanta."

Mazan da ke kan rumfuna suka yi dariya.

Qiulan tana riƙe masa igiya. A hankali ta ce, "Baban Xiaohe, mu yi rabi mana yadda ta ce."

"Ke ma? Je ki ɗora mana abinci."

Ina wucewa da bokitina a lokacin. Na ga ta saki igiyar, ta nufi gida.

Ya yaye su duka, tabarma arba'in. Sannan ya hau babur ɗinsa mai ƙafa uku, ya tafi gari sayen kwandunan da zai zuba kaya.

Kafin rana ta take, Qiulan ta leƙa rumfar. Ganyaye sun langaɓe kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Ta hau sama ita kaɗai tana jan tabarmi, kowacce ta fi ta nauyi. Goggo Luan ta bar tata rumfar ta zo, tana haki. Goma sha ɗaya suka iya saukewa.

Fugen ya dawo da kwanduna ɗaure har saman kansa. Ya shiga rumfar, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya ce, "Gobe za su tashi."



Ba su tashi ba. Ran kwana na uku kara ya fara baƙi. Layi biyu kacal suka tsira, abin da bai cika kwando huɗu ba.

Biki ya zo, kowane gida ana toye-toye ana harba tartsatsin wuta. Ƙofar su Fugen kuwa a rufe.

Kwana biyar bayan biki motar birni ta tsaya a bakin hanya. Xiaohe ta ƙanƙame rigar sanyin uwarta.

"Mama, ai kin ce kin dawo ke nan."

"Zan dawo."

"Yaushe?"

Qiulan ta dubi mijinta. Shi ƙasa yake kallo. Ta durƙusa tana ɓamɓare yatsun yarinyar daga rigarta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa ta ga kakarta, ta shiga mota.

Har motar ta ɓace muna jin kukan.

Darasi: In wanda ya riga ka a sana'a ya ce dakata, ka dakata ka ji dalili, ko da kai ne mai ƙarfi. Girman kai na mutum ɗaya ne, amma hasarar ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai. Don Allah ku tura wa wani, ko akwai mai shirin yaye nasa tabarmin yau.